Bugun zuciyar jariri yana sauka bayan ciwo ya lafa: yaushe ake cewa a nemo mota?

'Yar Ɗakin Haihuwa:

Salamu alaikum iyayena da yayyena a aiki. Ni CHEW ce, wato ma'aikaciyar lafiyar al'umma, a wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa. Ba mu da likita. Ungozomarmu mai takarda guda ɗaya ce, ita ma da rana take zuwa, don haka duk wadda naƙuda ta kawo bayan isha'i, daga ni sai atenda sai mai gadi. Kayan aikina fetoskof na roba (abin da ake kafawa a ciki a saurari bugun zuciyar yaro da kunne), agogon hannu, abin awon jini, da tocilar waya idan sola ta ɗauke. Muna da Dofla, na'urar da ke fito da sautin bugun zuciyar yaro, amma batirinta ya daina riƙe caji. Zuwa babban asibiti da rani bai kai awa guda ba. Da damina kuwa sai yadda hali ya yi, saboda akwai fadamar da ƙaramar mota ba ta ratsawa idan an yi ruwa.

Kwanakin baya aka kawo min wata yarinya mai cikin fari, ba ta kai shekara 20 ba. Tun hantsi take fama a ɗaki, kunya ta hana ta faɗa wa kowa. An ba ta maganin zaƙi, kuma sai da na matsa wa yayarta da tambaya sannan ta ce wani mai kemis ya yi mata allurar naƙuda a cinya wajen magariba. Na duba ta: bakin mahaifa senti 6, kai ne a gaba amma bai sauko sosai ba, awon jini 120 bisa 80, jiki ba zafi, bugun yaro 146. Ciwon dai ba ya ba ta sarari, wannan na sauka wani na tasowa. Faya ta fashe a gabana, ruwan ya zo kore-kore, ba mai kauri ba. Bayan rabin awa na sake saurarawa da ciwo ya lafa, na ƙirga 104. Na ɗan jira, ya haura 130 da wani abu. Na juya ta gefen hagu, na sa mata ƙarin ruwa. Ciwo na gaba ya wuce, na samu 100, kuma ya jima kafin ya dawo. Nan na ce a nemo mota.

Mijin yana ci-rani a Fatakwal, wayarsa a kashe. Uwar mijin ta ce ita duk 'ya'yanta a ɗaki ta haife su, ba za a kai mata suruka a yanka ba. Sai da aka taso mahaifin mijin daga barci, aka nemo mai mota, aka haɗa kuɗin mai, wajen awa 2 ta tafi. An yi mata aiki. Yaron ya zo bai yi kuka ba, suka taimaka masa da iska, ya kwana biyu a ɗakin jarirai. Yanzu suna gida yana shan nono, alhamdulillahi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a can an ce min na makara. Amma watan da ya wuce na tura wata saboda ruwa kore kawai, ta haihu lafiya tun kafin a gama rubuta mata kati, aka aiko min cewa muna cika musu gado da mata lafiyayyu. Mijinta har yau ba ya amsa gaisuwata saboda kuɗin mota. In tura a ce na yi gaggawa, in jira a ce na makara. Don Allah ku da kuka daɗe a aikin nan, wace alama ce idan kun gani ba ku ƙara jira? Kuma mutum ɗaya da hannu biyu, ta yaya zai riƙa saurarawa a kai a kai?

Tsohuwar Metiron:

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya raya yaron.

Bari in fara da kunne, don nan ne yawancin 'yan baya suke samun matsala. Bugun yaro mai lafiya yana tsakanin 110 da 160 a minti. Wannan kowa ya haddace. Abin da ba a haddace ba shi ne lokacin da ake saurara. Idan kika jira mace ta huta sosai, tana hira da ke, sannan kika ɗora fetoskof, kusan kullum za ki ji lamba mai kyau, ki rubuta 140 ki koma kujera, alhali yaron yana wahala. Ki sa hannu a kan cikin, ki fara saurara tun ciwon yana kai, ki zarce aƙalla daƙiƙa 30 bayan ciki ya saki, kuma gaba ɗaya kada ya gaza minti guda cur da agogo. Kada ki ƙirga daƙiƙa 15 ki ninka sau 4, don saukar da kike nema tana iya ɓuya a ragowar daƙiƙun.

Dalilin kuwa, duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jinin da ke zuwa mabiyiya yana raguwa. Yaron kamar mai nutso ne a kududdufi: ya nutse, ya taso ya sha iska, ya sake nutsewa. Mai ƙarfi yana jurewa. Idan bugun ya sauka tare da ciwo ya kuma dawo tare da lafawarsa, galibi matse kai ne, musamman idan haihuwa ta matso. Wanda ke tayar min da hankali shi ne irin naki: ciwo ya wuce, ciki ya yi laushi, amma bugun yana ƙasa, sai a hankali yake haurowa. Wannan yaron bai samu ya sha iska ba kafin a sake danna shi.

Sannan ki riƙa kama bugun hannun uwar a daidai lokacin da kike saurara. Na sha ganin an rubuta 96 an tayar da hankalin kowa, ashe jijiyar uwa ake ji. Na kuma ga akasin haka, wanda ya fi muni: uwa da zazzaɓi bugunta 120, ana ta rubuta wa yaro 120, yaron kuwa ya daɗe da rasuwa. Idan abin da kunnenki ke ji yana tafiya daidai da abin da yatsunki ke ji, ba yaro ba ne, sake lalubo bayansa. Kuma ki cire hannunki daga jikin fetoskof idan kin ɗora kunne, hannu yana kashe sautin.

Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 ta ce duk minti 15 zuwa 30 idan naƙuda ta kankama, wato daga senti 5, sannan duk minti 5 idan an fara nishi. Na san da wuya ga mutum ɗaya. Abin da nake yi a zamanina, atenda ce mai riƙe agogo da biro, ni ina ƙirgawa ina faɗa tana rubutawa. Amma mace irin taki, wadda aka yi wa allura a gida ga ruwa kore, ba ta cikin masu jiran rabin awa. Ita bayan kowane ciwo ko biyu ake saurara.

Maganar ruwa kore, wato wanda kashin yaro ya gauraya da shi. Kore mai tsarwa-tsarwa, bugu lafiya, naƙuda na tafiya, wannan sa ido yake so, ba lallai mota ba. Mai kauri da ke manne wa safar hannu, ga shi kaɗan, wannan ni ba na jira da shi ko da bugun yana 140, sai in kai ya riga ya iso ƙofa. Idan kuma yaron da ɗuwawu yake tahowa, kashin da kike gani matse ciki ne, ba shi kaɗai zai gaya miki komai ba, ko da yake mai cikin fari da yaro a zaune tun farko ba taki ba ce.

Game da yarinyarki, ni da zan yi, tun lokacin da na ji maganar allura na ga koren ruwa zan aika a taso baban miji a fara neman mota. Ban ce a tafi ba, a dai tanada. Neman mota daban, tafiya daban. Idan abu ya daidaita a ba direba haƙuri da kuɗin shayi. Da kika ji 104 ɗin nan, da motar tana bakin ƙofa.

'Yar Ɗakin Haihuwa:

Na gode Mama, Allah ya ƙara girma. Wannan na bambanta neman mota da tafiya ya shige ni. Amma ina da sauran tambaya. Idan mace ta buɗe duka tana nishi sai bugun ya faɗi, ita ma mota zan sa ta? Sannan muna da tukunyar oksijin ƙarama, a makaranta an koya mana a sa wa uwa, yanzu kuma na ji wasu na cewa an daina.

Likitan Mata:

Sista sannu da aiki. Mama Metiron ta gama magana a kan saurare, ni zan ɗora daga inda bugun ya riga ya lalace.

Da kin ji ƙasa da 110, ko 160 zuwa sama, tambayar farko ita ce me ya jawo, domin wasu dalilan a hannunki maganinsu yake. Juya ta gefen hagu, kin yi daidai. Mace mai tsohon ciki idan ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jinin da ke isa ga yaro ya ragu. Idan akwai oksitosin, wato maganin ƙara naƙuda, a cikin ƙarin ruwan da ke tafiya, cire ledar gaba ɗaya ki sa sabuwa. Ƙirga ciwo na minti 10 da hannu a kan ciki. Idan ya wuce 5, mahaifa tana aiki fiye da kima, kuma a karkara kusan kullum za ki tarar an ba ta wani abu, allura ko ƙwayar miso mai tayar da naƙuda ko jiƙo. Matsalar allurar cinya da ƙwaya ita ce ba a iya janye su, sun riga sun shiga jiki. Shi ya sa irin waɗannan matan ba na son a riƙe su a ƙaramin asibiti. Su ne mahaifarsu ke fashewa. Idan mace tana ta ihu sai ciwo ya ɗauke ɗif, ta yi sanyi tana gumi, bugunta ya yi sauri, kina jin gaɓoɓin yaro a ƙarƙashin fata, kada ki ce ta samu sauƙi.

Auna zafin jiki. Bugun yaro 170 da uwa mai zazzaɓi, sau da yawa maleriya ce ko ƙishirwa ko ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan mahaifa. Yi gwajin maleriya, ba ta farasitamol da ƙarin ruwa. Idan ruwan yana wari, ko faya ta daɗe da fashewa, ki fara ba ta amfisilin da jentamaisin idan kuna da su, sannan ta tafi. Duba jini. Ciki ya yi tauri kamar katako ba ya saki, da jini baƙi-baƙi ko ma babu jinin a waje, mabiyiya ce ta ɓalle. Idan kuwa jini ja yana zuba ba tare da ciwo ba, kada ki sa yatsa ko kaɗan, mabiyiya na iya kasancewa a bakin mahaifa.

In babu jini, sa safa ki duba. Kina neman abu biyu: senti nawa da inda kai yake, da kuma igiyar cibiya. Duk lokacin da faya ta fashe, saurari yaro nan take, musamman idan kai yana sama, don a nan cibiya ke zamewa ta riga kai fitowa.

Idan kin gyara abin da za ki iya, aka yi ciwo 3 a jere bugun bai daidaita ba, magana ta ƙare. Idan kuma ya faɗi ƙasa da 100 ya zauna can minti 3 ko fiye, ba sai kin jira ciwo 3 ba. A asibitin da ke da ɗakin tiyata ana son a ciro irin wannan yaron cikin minti 30. Ke kuma kina da izinin miji, da mota, da fadama, da jiran a haɗa tiyata a wajenmu. Don haka ba daidai ba ne ki yi amfani da haƙurin da mu muke yi, mu da tiyata ke bayan ƙofarmu. Dole ki riga mu yanke shawara, kuma hakan na nufin wasu daga cikin waɗanda za ki turo za su haihu da kansu. Wanda ya yi miki faɗa a kan wannan bai yi adalci ba, ko da yake na san gajiyar da ke sa mutum faɗin haka da ƙarfe 3 na dare. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020 ta nuna jarirai kusan miliyan 2 ake haifa babu rai a shekara, fiye da kashi 40 cikin 100 kuma a lokacin naƙuda suke rasuwa. Su ne muke karɓa fatarsu sumul, ana gani an san da ransu aka baro gida.

Tambayarki ta mai nishi. Idan ta buɗe duka, kai ya sauko kina ganin gashi, ba cikin fari ba, kada ki sa ta a mota. Za ta haihu a fadama cikin duhu ba ki da komai a hannu. Zubar mata da fitsari, ɗaga ta ta tsuguna ko ta kwanta a gefe, ta yi nishi tare da ciwo, ki yi ƙari idan fatar ƙofa ce kaɗai ke riƙe kan. Kada ki bari kowa ya hau cikinta yana dannawa. Ki shimfiɗa zani mai tsabta, ki gwada jakar hura iska tun kafin ya fito. In ya fito ki goge shi sosai, idan bai yi numfashi ba ki fara hura masa iska kafin minti guda ya cika, kina kallon ƙirji yana ɗagawa. Idan ya yi kuka da kansa, ko da ruwan kore ne, ba sai kin zura masa roba a maƙogwaro ba. Amma idan ta buɗe duka kai yana sama, ƙasusuwan kan sun hau juna, wannan ba nishi zai fitar da shi ba, mota ce.

Oksijin kuwa, tsofaffin littattafai sun ce a sa. Binciken baya-bayan nan bai nuna yana taimakon yaro ba idan uwar tana numfashi lafiya. Idan ita ce ke haki, ko ta zubar da jini, ko tana jijjiga, sa mata. In ba haka ba ki adana 'yar tukunyarki saboda jaririn.

Roƙona ɗaya: ki kira kafin ku taso. Faɗa min shekarunta, ciki na nawa, senti nawa, bugu nawa da ƙarfe nawa, launin ruwa, da abin da aka ba ta a gida. Sa mata kanula, wato robar ƙarin ruwa ta jijiya, koriya ko mai ruwan toka, kada a ba ta abinci a hanya, ta kwanta a gefe a cikin motar, ku taho da maza biyu da za su iya ba da jini.

Incajin Ƙauye:

Ranka ya daɗe Likita, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ni a ganina inda yaran nan ke mutuwa ba a kunnen ma'aikaci ba ne, a zaure ne. Ƙanwata ta gane matsala cikin rabin awa, amma awa 2 ta tafi wajen neman wanda zai ce to.

Mu abin da muka koma yi, tun ranar awo ake gama wannan rigimar. Duk mai cikin da ya shiga wata 8 muna neman mijin ya zo ko ya kira. Tambaya ɗaya muke yi masa: idan ba ka nan, wa ka wakilta ya ba da izini? Mu rubuta sunan da lambar a bayan katinta. Masu tafiya ci-rani ma sun fi son haka, don babu mai son a ce matarsa ta mutu ana jiran wayarsa. Mota kuma, a jihohi da dama na Arewa akwai tsarin da aka yi da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda aka horar da wasu direbobi su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda a kuɗin mai kawai. Ki je tasha da rana ki tambayi shugabansu ko akwai irinsu a yankinku. In babu, ki samu mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa su tsayar miki da direba biyu, a manna lambobinsu a bangon ɗakin haihuwa. Mu har galan ɗin fetur muke ajiyewa a ɗakin mai gadi, wanda aka yi wa amfani da shi ya mayar bayan suna.

Sai yadda ake faɗa wa dangi. Da kin ce aiki ko tiyata, kin rufe ƙofa. Ni abin da nake cewa: Hajiya, jikanki ya gaji, numfashinsa na raguwa, can akwai na'urar da babu a nan. Idan da Dofla mai aiki, sa mata ta ji da kunnenta yadda bugun ke ja baya. Na ga tsohuwar da ta rantse ba za a tafi ba, tana jin sautin nan ta miƙe ta ɗaura mayafi. Saboda haka ki nemi a gyara miki batirin nan ko da kuɗin asusun asibiti ne. Maganar kuɗin aiki ma ki riƙa tuna musu cewa a Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata mabuƙata. A asibitocin da aka yi wa rajista ake yi, don haka ki bincika tun yanzu wanne ne mafi kusa da ku.

Saji-fam (ungozoma) daga Maraɗi:

Gaisuwa gare ku 'yan uwa. Mu nan Nijar aikin ciro yaro kyauta ne a likitar gwamnati, wato asibitin gwamnati, tun ƙarshen 2005, amma kuɗin man ambilans shi ne ke tsayar da mutane, kamar ku. Wasu gundumomi sun gwada ƙara dala ashirin, wato sefa 100, a kan kuɗin ganin likita, ana tarawa don ɗaukar masu naƙuda. Abin da zan ƙara miki, ƙanwata, kada ki tura mace da takarda kawai in kina da hali. Ki shiga motar da fetoskof da kayan karɓar haihuwa da jakar iska. Girgizar hanya tana saukar da kai, da yawa a hanya suke haihuwa.

'Yar Ɗakin Haihuwa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Anti, in na bi mota asibitin ya zama ba kowa, amma zan yi magana da incajinmu a kan wanda za a riƙa kira. Ranka ya daɗe Likita, ka ambaci cibiya. Idan na same ta a gaba, ta yaya zan riƙe kai da yatsu tsawon awa guda a cikin Golf a kan hanyar burji?

Likitan Mata:

Ba za ki iya ba, Sista, shi ya sa ake cika mafitsara. Da farko ta durƙusa, ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, ki tura kan yaron sama da yatsu biyu. Sai atenda ta taya ki sa robar fitsari, ki haɗa ta da ledar ƙarin ruwa ta nomal salin, ki bar mil 500 ya shiga, ki matse robar. Cikakkiyar mafitsara za ta ɗage kan daga kan cibiyar, hannunki ya huta. A mota ta kwanta gefen hagu da filo biyu a ƙarƙashin ƙugu. Kada ki yi ta taɓa cibiyar, kada ki yi ƙoƙarin mayar da ita cikin mahaifa. In ta fito waje ki rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da salin mai ɗumi. Ki rubuta a takarda da manyan baƙi cewa kin cika mafitsara da ƙarfe kaza, ki kuma faɗa da baki idan kun iso, domin sai mun sake ta kafin mu sa wuƙa.